Ɗakin da Aka Kife a Makera

Yammacin ranar ba shi da wani aibi da mutum zai nuna da yatsa. La'asar ta yi sanyi, hayaƙin murhu ya kwanta a kan rufin gidajen Makera, masu kurar ruwa suna komawa gida da jarkokinsu suna kaɗawa fayau. A tsakar gidan Malam Zakariyya'u, matarsa Dije tana tuƙa tuwo, shi kuma yana kan tabarma yana jiran kiran magariba. Rediyonsa na ta zubar da surutun 'yan siyasa, don a shekarun nan da soja suka koma bariki kowa ya sami baki.

Zakariyya'u tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Tun da aka rufe ƙofar masaƙar aka sallame su, buri biyu suka rage masa a duniya. Na farko ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa ya riƙa sayar da ruwa. Na biyu kuwa, wanda ya fi na farkon nesa ba kusa ba, ya ga 'yarsa Rakiya ta gama karatu. Ita kaɗai Allah ya bar musu, tana koyon ilmin ƙasa da duwatsu a babbar makaranta. Kwanan baya ta zo da 'yan ajinsu suka kakkafa ƙarafa a tsakar gidan da lungun baya, suka ja wayoyi suna aunawa, wai suna sauraron abin da ke ƙarƙashi. Abin da suka auno ta zuba shi cikin wata tsohuwar kwamfuta da makarantar ta ara mata.

"Baba, zo ka ga gidanka," in ji ta daga ɗaki.

Ya tashi ya shiga. A fuskar kwamfutar ga wani dunƙule kamar yankan sabulu yana tsaye a cikin baƙin fili, hawa-hawa, ja a sama, rawaya a tsakiya, shuɗi can ƙasa. Ta ce ƙasar da yake takawa ke nan, shuɗin kuwa damshi ne. Sai ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, abin nan mai doguwar wutsiya, ta danne maɓallinsa da yatsa ta ja shi gefe. Dunƙulen ya juya a hankali ya nuna musu ƙeyarsa. Ta ja sama, ya sunkuya. Ta ja ƙasa, ya ɗaga.

Allah sarki, dattijo da furfurarsa ya riƙa dariya yana tafa hannu. Tun da ya bar aiki ba a ji dariyarsa haka ba.

Can ya hango wani baƙin gurbi a cikin shuɗin, mai siffar tulu, daidai ƙarƙashin madafi. Ya tambaya. Ta ce ita ma ba ta sani ba, wataƙila kogo ne a cikin dutse, wataƙila na'urar ce ta yi kuskure.

"Kife shi mu ga gindinsa," in ji shi.

Daga waje Dije ta ɗaga murya. "Malam, almuru fa ta kawo kai. Ku bar leƙe-leƙen nan sai gobe."

"Yanzun nan, Dije."

Rakiya ta danne ta ja linzamin har bakin tebur. Dunƙulen ya wuntsila, ja ya koma ƙasa, shuɗi ya hau sama. Ta murza 'yar tayar da ke bayan linzamin, hoton ya matso, ya ƙara matsowa, har bakin gurbin nan ya cika fuskar kwamfutar yana dubansu. Daidai nan aka ji ƙarar fashewa daga bakin titi, taransifomar unguwa ta tashi. Wuta ta ɗauke, ɗakin ya yi duhu.

Shiru ya sauka. A cikin shirun nan, ƙarƙashin tafin ƙafarsa, Zakariyya'u ya ji wani abu kamar jeren kwanukan amarya ya rushe, yana ta gangarawa, yana ta gangarawa, ya ƙi ƙarewa. Bayan haka kukan jariri ya taso, siriri, ya yanke a tsakiya. Ya dubi inda 'yarsa take, bai ga fuskarta ba. Ladan ya kira salla, ya fita alwala bai ce da kowa komai ba.

Tsautsayi, an ce, ba ya wuce ranarsa. Wutar dai ba ta dawo ba, aka ce sai an kawo sabuwar taransifoma, kuma kowa a Makera ya san ma'anar wannan magana.

Washegari Dije ta tarar da tukwanenta a kife, har wadda ta bar sauran miya a ciki, miyar kuma ba ta zube ba sai da ta taɓa. Buta a kife, turmi a kife, takalman da ke ƙofar ɗaki duk sun kalli ƙasa. Ta gyara, ta yi addu'a, ta ce iska ce. Da rana gidan lafiya lau. Amma da zarar inuwar katanga ta kai bakin madafi, kaji su yi tsit, sai jifa ta fara. Ba daga waje take zuwa ba. Da idonsa Zakariyya'u ya ga tsakuwa ta tashi daga daɓen rumfa, ta miƙe sama, ta bugi kwanon rufi ta ciki, ta manne can na ɗan lokaci kafin ta faɗo. Wata ta bi ta, wata ta bi wannan. A ƙarƙashin ƙarar kuwa, in mutum ya kasa kunne sosai, akwai muryar mace tana nishi, irin nishin wanda ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa.

Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Mai koko da ke zama a ƙofar gidan ta matsa gaba da teburinta, ba ta ce don me ba.

Rakiya ta fara da jiri. Takan bi bango tana lalube, tana cewa ƙasa tana bisa kanta. In an ba ta ruwa sai ta riƙe kofin da hannu biyu ta toshe bakinsa, wai zai zube sama. Aka kai ta asibiti, aka auna jini, aka ba ta ƙwayoyi, babu abin da ya sauya. Daga baya ta daina tashi. Tana kwance rub da ciki, gwiwoyi da tafukan hannu a kafe a ƙasa, bayanta a gantsare yana rawa, zufa tana ɗiga, kamar an ɗora mata buhu. Ba ta ci, ba ta magana. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma ƙashi da ido, uban yana tsaye yana kallo, zuciyarsa kamar ta tsage.

"Baƙin akwatin nan ne," in ji Dije tana kuka. "Tun da ya shigo gidan nan ban yarda da shi ba. Ka fasa shi, Malam, ko ni in fasa."

Ya ɗauki taɓarya ya shiga ɗakin. Ya ɗaga ke nan sai ya ji an cafke masa wuyan hannu ta baya, riƙo mai sanyi, mai ƙarfin da ba na mace ba. Rakiya ce, wadda ko zama ba ta iya yi. Idanunta a buɗe amma ba ta cikinsu. Bakinta ya motsa, wata murya mai kauri ta tsohuwar mace ta fito.

"Ka fasa, ka binne mu duka."

Taɓaryar ta faɗi. Da gari ya waye, bai ko karya ba ya nufi Unguwar Sanusi wurin Malam Tagwai.

Malam Tagwai ɗan siririn dattijo ne mai ƙaramar murya, wanda ya ƙoshi da karatu har ba ya son yawan magana. Ya iso bayan azahar da carbinsa da 'yar gorar ruwa. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana duban daɓen madafi, sannan ya yi sallama, ba ga mutanen gidan ba, ga ƙasa. Kafin su shiga ɗakin ya riƙe hannun rigar Zakariyya'u.

"Abu ɗaya zan roƙe ka. Kome ta faɗa, kada ka amsa mata. Magana da mutanen ɓoye ciniki ce, abin da ka furta ya zauna. Ka bar mini bakin."

Ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu, a hankali, ba tsawa ba bulala. Ya daɗe yana yi. Ɗakin ya yi nauyi, numfashi ya yi wuya. Can jikin Rakiya ya girgiza, muryar nan ta fito tana haki.

"Ya isa, Malam. Ni ma musulma ce, ba sai ka ƙona ni ba."

"To baiwar Allah, me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

"Ka tambaye su. Tun ba a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ba nake zaune a nan, ban taɓa ɗaukar musu ko tsinke ba. Suna daka a kan rufina, na yi haƙuri. Sun soka mini ƙarafa, na yi haƙuri. Sai rannan da almuru, ina zaune ba mayafi ina ba ɗiyata nono, suka leƙo ni ba sallama. Leƙen bai ishe su ba, suka kife mini ɗaki, suka tafi suka bar shi haka."

Zakariyya'u ya jingina da bango.

"Ɗiyar fa?" in ji Malam.

"Tana ƙarƙashin dutsen niƙa. Na sa bayana na tare shi, tun ranar ban motsa ba. Na gaji, Malam. Numfashinta ya yi ƙasa. Ranar da ya tsaya, na wannan ma ya tsaya, don uwa ba ta fi uwa ba."

Dije ta toshe baki da gyale. Malam ya ce rashin sani ya fi dare duhu, waɗannan bayin Allah ba su san da kowa a wurin ba. Ya roƙe ta ta saki yarinyar, don ita ta san kan na'urar, yanzu ta mayar da ɗakin yadda yake.

"In na sake ta wa zai ƙara saurarena? Na san halinku. Wanda ya ce a kife, shi zai tayar. Kuma ku yi sauri, ba na jin zan kai isha."

Tirƙashi. Ga mutumin da bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, ga unguwa ba wuta. Masu janareto a layin kuwa, da suka ji don wane gida ake nema, wannan ya ce nasa ya lalace, wancan ya ce ba mai. Mutum ɗaya ya faɗo wa Zakariyya'u a rai, Sylvanus, abokin aikinsa na masaƙa, wanda suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya. Tun rikicin da ya raba garin, Sylvanus ya kwashe iyalinsa ya koma Sabon Tasha ya buɗe shagon aski, kuma tun daga lokacin ƙafar ɗayansu ba ta taka unguwar ɗaya ba. Kunya ta kama shi, amma ba ranar kunya ba ce. Ya tare ɗan acaɓa.

Ya sami Sylvanus da kan mutum a hannu, an aske rabi. Bai iya tsara magana ba, sai cewa ya yi Rakiya ce ba lafiya, yana son janareto.

"Rakiya? Wadda nake saya wa alewa?" Sylvanus ya kashe injin askin, ya ba wanda yake yi wa askin haƙuri. "Oya, Zakari, kama janareton ta can. Ka yi mini bayani a hanya."

Sun iso rana tana gab da faɗuwa, jifa ta riga ta fara. Sylvanus ya dubi tsakuwar da ke tashi sama, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya sunkuya ya ja igiyar janareto. Sai a ja na uku ya kama. Aka danna maɓallin kwamfutar, ta yi gurnani, fuskarta ta yi haske. Ba wanda ya taɓa komai, hoton ya fito da kansa yadda aka bar shi, shuɗi a sama, ja a ƙasa, baƙin gurbin nan a buɗe.

"Kau da idonka daga ɗakina," in ji muryar. "Ja da baya tukuna."

Zakariyya'u ya zauna a kujerar 'yarsa. Ya tuna yadda ta murza 'yar tayar, ya murza, hoton ya ƙara matsowa. Rakiya ta ƙwalla ƙara. Ya murza baya da sauri, dunƙulen ya janye ya koma ɗan ƙarami a tsakiyar baƙin filin. Zufa ta jiƙa masa riga. Ya danne maɓallin ya ja da gaggawa, dunƙulen ya fizge ya karkace ta kusurwa. Ƙarƙashin gidan wani abu mai nauyi ya gurgura, Rakiya ta faɗi ta gefe ɗaya tana nishi.

"Dutsen zai murƙushe mini ɗiya! A hankali, ɗan Adam, a hankali!"

Malam bai daina karatu ba. Dije ta durƙusa a bakin ƙofa tana kiran sunayen Allah. Zakariyya'u ya saki linzamin, ya goge tafinsa a gwiwa, ya yi bisimilla. Ya ce a ransa wannan ma inji ne, kuma inji ba ya son tsoro. Ya sake dannewa, ya ja kaɗan, kamar mai zare zare daga cikin ƙyalle. Dunƙulen ya motsa. Ya ƙara. Linzamin ya kai bakin tebur alhali juyin bai kai rabi ba, ya rasa yadda zai yi, sai ya tuna ya ga Rakiya tana ɗaga shi ta mayar tsakiya. Ya saki maɓallin, ya ɗaga, ya mayar, ya sake dannewa. Janareto ya yi tari a waje, hasken ya lumshe, ya ji Sylvanus yana lallashin injin da Turancin kasuwa. Hasken ya dawo.

"Hagu kaɗan," in ji muryar, ta yi laushi yanzu. "Tsaya. Ƙara. Ƙara."

Ja ya hau sama. Shuɗi ya kwanta a ƙasa. Bayan Rakiya da ya daɗe a gantsare ya saki, ta kwanta shame-shame a kan tabarma.

Jifa ta tsaya. Ba a jin komai sai janareto. Suka yi ta jira, ba mai ƙwaƙƙwaran numfashi, har Zakariyya'u ya fara cewa a ransa an makara. Sai can ƙasa, nesa, kukan jariri ya tsage shirun, mai ƙarfi, mai fushi, irin na ɗan da yake jin yunwa. Dije ta fashe da kuka tana hamdala.

"Tana da rai," in ji muryar. "Zan tashi, Malam. Ɗakin da ido ya gani ya daina zama sutura. Su haƙa rijiyarsu, na bar musu wurin. Sai dai abu ɗaya ya rage. A daren farko, ina ƙarƙashin dutse, na rantse da Allah hannun da ya kife mini ɗaki ba zai ƙara juya komai ba."

Hannun daman Rakiya ya ɗaga daga tabarma shi kaɗai, yatsun suka fara lanƙwashewa ciki.

Malam Tagwai bai firgita ba. Ya gyara zama ya ce, "Ke da kika ce musulma ce, ai kin san rantsuwar fushi tana da kaffara. Wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga wanda ya fi shi alheri..."

Yatsun suka dakata. Wallahi sun dakata, tana saurare. Da an ƙara masa numfashi biyu da ya kwance ƙullin nan. Amma Zakariyya'u ba ya jin Malam, ba ya ganin komai sai hannun 'yarsa, hannun da take rubutu da shi, yana naɗewa a gabansa.

"Ni na sa ta!" Ya daka tsawa. "Ita ba ruwanta, ni na ce ta kife! In hannu kike so ga nawa!"

"Malam Zakari!" in ji Malam Tagwai. Ina, bakin alƙalami ya bushe.

"Na karɓa," in ji muryar. "Uba ne kai. Ku zauna lafiya."

Wata iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ratsa ɗakin ta fita ta ƙofa, labule ya ɗaga ya sauka. Yatsun Rakiya suka miƙe. A kan linzamin kuwa, Zakariyya'u ya ji sanyi ya shiga tafinsa, ya haura wuyan hannu, ya tsaya a gwiwar hannu. Ya ce da yatsunsa su saki, ba su ji ba. Da hannun hagu ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya daɗe yana duban ƙasa. "Na gaya maka ka bar mini bakin," in ji shi, ba da faɗa ba. Ya kama hannun ya tofa masa addu'a, ya ce Allah shi ne mai warkarwa, amma bai yi alkawarin komai ba. Zakariyya'u ya roƙe su su uku, har da Sylvanus da ya shigo yana share ido, kada wanda ya gaya wa yarinyar. Ya tura hannun cikin aljihun riga.

Bayan an idar da magariba Rakiya ta buɗe ido. Ta dubi rufi, ta dubi ƙasa, kowanne yana wurinsa. Ta ce tana jin yunwa. Ba ta tuna komai ba tun daga ɗaukewar wuta, har tana mamakin ganin Baba Sylvanus a gidansu. Dije ta ɗumama tuwo, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kunna fitila. Rakiya ta ce ita yau tare da babanta za ta ci.

Aka ajiye kwanon a tsakaninsu. Ta wanke hannu ta fara ci kamar ba gobe. Shi kuwa yana zaune yana kallon tuwon. Na dama ya ƙi fitowa daga aljihu, kuma mutumin da ya kai shekarunsa bai taɓa kai loma baki da hagu ba, ba zai fara a gaban 'yarsa ba.

"Baba, ba ka ci."

"Ina ci."

Ta tsaya da taunar. Ta jawo hannun rigarsa, hannun ya zamo daga aljihu ya faɗi a kan cinyarsa, yatsun a dunƙule. Ta taɓa, ta ji sanyi.

"Me ya same shi?"

"Sanyin ƙashi ne, 'yar nan. Tsufa ba ya sallama."

Ta dubi uwarta, uwar ta juya tana gyara lagwanin fitilar da ba abin da ya same shi. Sai Rakiya ta gutsuri tuwo, ta mulmula, ta dangwali miya, ta miƙa.

"Buɗe bakinka, Baba."

Ya buɗe, ya karɓa, ya haɗiye. Idonsa ya ciko, ya ga tana ƙoƙarin duban fuskarsa. Sai ya ce mata miyar nan kamar gishiri bai ji ba, ta ɗanɗana ta gani. Ta sunkuyar da kai kan kwanon, shi kuma ya goge ido da hannun hagu kafin ta ɗago.